Matacin da Ba A Taɓawa

A cibiyar binciken kowa Dokta Gawayi yake ce mata, har masu gadi. Yayanta ne ya raɗa mata sunan, ranar da ya kai mata ziyara wurin aiki ya tarar da ita gaban tanderu, sanye da safar hannu, tana fito da wani abu baƙi ƙirin da hantsaki. Ya dubi abin, ya dube ta, ya ce ashe duk dogon karatun nan da aka hana kowa sakat a gida dominsa, ƙona gawayi aka je koyo. A gaban abokan aikinta ya faɗa, su kuwa suka cafe tun maganar ba ta kai ƙasa ba.

Ba ƙarya ya yi ba, sai dai ya rage. Aikinta shi ne ta shimfiɗa wata irin roba siririya, ta yanka ta faɗin murfin kofi, ta sa a tanderun da aka kore wa iska, ta gasa a hankali har robar ta koma gawayi zalla. In an dace, gawayin yana fitowa da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, madubin asibiti mai ƙara girman abu ma ba ya gani. Da waɗannan ƙofofin ake tace gas. Gas ɗin da ke tashi daga juji a cuɗe yake: akwai mai kama wuta, wanda ake so don girki, akwai kuma wanda ba ya ci, irin wanda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Matacin kirki yana barin marar amfanin ya silale ya wuce, ya tare mai amfanin a baya.

Faɗa ba wuya. Shekaru ta yi tana gashi. Wani ya fito a murɗe, wani ya tsage, wani ya toshe ruf, wani kuma ya bar kowa da kowa ya wuce kamar ƙofar kasuwa. Sai wata rana guda ɗaya ya fito daidai. Mummuna ne, gefensa a karkace, fuskarsa ba ƙyalli ko kaɗan. Amma da ta ɗaura shi a na'ura, ya raba gas ɗin nan tsaf, rabon da ba ta taɓa gani ba ko a rubuce-rubucen manyan fannin. Ta sake gwadawa, ta kuma sakewa. Daga nan ta ja kujera ta zauna ta sha kukanta na murna ita kaɗai, ta share hawaye da bayan safar hannu.

Abin da ya hana murnar cika shi ne ba ta san dalilin da ya sa shi ya fito haka ba. Ta maimaita duk abin da ta yi ranar, sauran suka ci gaba da fitowa yadda suka ga dama. Saboda haka wannan ɗayan shi ne komai nata. A jikinsa amsar take, kuma sai yana raye za ta iya ci gaba da auna shi har ta gano ta. Ga shi abu ne mai saurin mutuwa. Laimar numfashi tana toshe masa ƙofofi, maiƙon yatsa kuwa ba a ma magana. A cikin kwalba mai murfi yake zama, bisa wasu tsakuwoyi masu shanye laima, kwalbar a kabad, makullin kabad a jakarta.

To, ga Darakta. Waɗanda suka san shi da daɗewa sun rantse ya taɓa zama masanin kimiyya, amma tun da aka ba shi ofis mai kafet da firij, kimiyyar ta yi masa sallama ta sauka ta koma ɗakin gwaji. Abin da ya rage masa shi ne son manyan baƙi. Mako ba ya wucewa bai jawo wasu yana zagayawa da su ɗaki ɗaki ba. Su kuma manya, Dokta ta lura, ba sa yarda da abu sai sun taɓa. A nuna musu na'ura sai sun ƙwanƙwasa, a nuna musu kwalba sai sun girgiza. Ta taɓa gaya wa Darakta cewa mataci ba a taɓa shi. Ya yi mata murmushin tausayi, ya ce abin da baƙo bai riƙe ba, kafin ya kai mota ya manta da shi.

A gida ta samo magani. Autarsu ta kai shekarun da ba a ajiye waya kusa da ita. Wata safiya ana karin kumallo, yarinyar ta wawuri wayar uwar ta nufi kofin shayi da ita. Maigidan malamin koyar da tuƙi ne, ya saba da masu son riƙe abin da ba su iya ba. Bai yi tsawa ba. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko wata tsohuwar waya da ta daɗe da mutuwa, ya miƙa mata. Yarinya ta saki mai rai, ta rungume matacciya, ta kara a kunne tana zuba umarni.

"Kin gani, Maman Auta?" in ji shi. "Ba kira take son yi ba. So take a ga ita ma tana riƙe."

Dokta ta daɗe tana kallon 'yarta. Can ta ce, "Baban Auta, da ka san taimakon da ka yi wa kimiyya yau, da ka ce sai an ba ka digiri."

"Ki sam mini ɗaya cikin naki, ai sun yi miki yawa."

A cikin tarin waɗanda suka lalace akwai wani kyakkyawa. Zagayayye ne cif, sumul, yana sheƙi kamar sabon takalmi. Laifinsa ɗaya, wata siririyar tsaga ta ratsa tsakiyarsa, wadda sai mai aikin ne zai san da ita. Shi ta ɗauko, ta shimfiɗa jan ƙyalle a tire, ta ɗora shi a tsakiya. Daga ranar duk baƙon da ya shigo, tire ake miƙa masa.

Hannun da bai taɓa matacin nan ba a cikin manya, to mai shi bai kai babba ba. Wani ya shinshina. Wani ya ɗaga shi saitin fitila ya ce lallai yana hango ƙofofin, har ya ƙirga wasu. Matar wani ta tambaya ko za a iya yi mata 'yan kunne da irinsa. Dokta tana tsaye, hannu a baya, fuska a natse, tana cewa, "A hankali dai, ranka ya daɗe." A ciki kuwa dariya kamar ta kashe ta. Kullum da yamma sai ta kwashe labari ta kai wa maigida, tana kwaikwayon muryoyinsu. Gaskiya dabarar ta hau mata kai. Ta fara ganin duk ginin nan, daga ƙasa har ofis mai kafet, ba wanda ya kama ƙafarta a wayo. Darakta kansa bai san tirensa gawa yake ɗauke da ita ba.

Ana nan sai aka ce Ciyaman zai zo, wato shugaban hukumar da ke kula da cibiyar. Darakta ya sauko da kansa ya ce wannan karon tire kaɗai ba zai isa ba, Ciyaman so yake ya ga abu yana aiki. Dokta ta ji daɗi har ranta. A cikin na'ura mataci a kulle yake tsakanin ƙarafa, ba yatsan da zai kai gare shi. Kuma, ko ba ta faɗa ba, ta gaji da ɓoyo. Tana so ko sau ɗaya wani ya ga abin da ta yi.

Da safiyar ranar ta sa safar hannu, ta buɗe kwalba, ta ɗauko mummunan nata da hantsaki, ta ɗaura shi, ta ɗaure kusoshi. Na'urar ba wata abin kallo ba ce: tukunyar gas, tiyo, gidan ƙarfe inda mataci ke zama, sai bututun gilashi mai ruwan sabulu, wanda duk abin da ya ratsa mataci ke bi ta cikinsa ya tashi kumfa. Tana gama haɗawa Darakta ya shigo gwaji, cikin kwat ɗin da ba ya sawa sai irin wannan rana.

Ta buɗe gas. Suka tsaya. Ƙwayar kumfa ɗaya ta taso a bututun, ta hau a natse. Aka jima, wata ta biyo ta.

"Ya fara ne?" in ji Darakta.

"Yana kan yi, ranka ya daɗe. Bari ka gani."

Ta ƙyasta ashana, ta kai bakin bututun. Wutar ta yi rawa, ta mutu. Dokta ta ɗago tana kallonsa, idonta na ƙyalli, tana jiran abin da ta yi shekaru tana jira.

"Ashanarki ta mutu," ya ce. "Ƙyasta wata."

"Ai mutuwar ita ce nasarar. Ba abin da ya wuce sai wanda ba ya ci. Mai kama wutar duk yana baya, an tare shi. Ba a taɓa samun rabo mai tsabta haka ba."

"Na fahimta, Dokta. Ni ma na yi kimiyya." Ya gyara wuyan kwat. "Amma mutumin nan zai baro ofishinsa, da jama'arsa, da masu hoto, ya hawo bene da ciwon gwiwa, mu tsayar da shi yana jiran kumfa ɗaya ta ga dama. Sannan mu kashe masa ashana. Wa kika taɓa gani ya tafa wa ashanar da ta mutu?"

Bai jira amsa ba. Idonsa ya riga ya sauka kan tire.

"To wannan me yake yi a nan? Wanne kika sa a ciki?"

"Wani ne daban."

"Kin bar mai kyan a waje, wanda kowa ya sani, kin sa wani daban. Sa wannan mu gani."

Tana iya ƙi. Tana iya cewa sauyawa na ɗaukar lokaci, ko ta ce kusa ta cije. Amma wayon nan nata ya raɗa mata wata magana mai daɗi: bar shi. Abin kallo yake so, ba shi abin kallo. Nata ya koma kwalbarsa lafiya, su kuma su tafa wa tsaga, ita kuma yau ta kai wa Baban Auta labarin da ya fi duk na baya. Ta kwance kusoshi, ta mayar da mummunan kwalba ta rufe, ta ɗaura kyakkyawan.

Tana buɗe gas, bututu ya ɗauki tafasa. Kumfa ta cika gilashi, ta yi ambaliya, ta gangaro kan tebur. Darakta ya karɓi ashana ya ƙyasta da kansa, wuta ta kama bakin bututun, shuɗiya shar. Gas ne ke kwarara ta tsagar a cuɗensa, yadda ya fito daga tukunya, ba abin da aka raba da wani. Ko ɗalibin da ya fara shiga ɗakin gwaji jiya ya san wutar nan shaidar lalacewa ce. Darakta kuwa bakinsa har kunne.

"Kin ga abu," ya ce. "Ki haɗa shi da ƙaramin murhun can, wutar ta zauna sosai."

"Ranka ya daɗe, wutar nan tana nufin..."

Ƙarar motoci ta katse ta. Manya ba sa zuwa kan lokaci, kowa ya san wannan, har da shi aka tsara ranar. Amma Ciyaman yana da wani taro da ya fi wannan muhimmanci, ya ga gara ya fara sallamar masu kimiyya. Kafin ta gama haɗa murhu, takalma sun cika baranda. Ta waiga wajen kabad, mai hoto ya riga ya kafa ƙafafun kyamararsa a gabansa, jakarta kuma tana rataye can bayan ƙofa, ƙofar jama'a sun danne ta. Kwalba ta rage a kan tebur. Ta tura ta bayan tukunyar gas, ta tsaya a gabanta.

Ciyaman dattijo ne mai fara'a, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra, abin da ya sa ma ba a iya yi masa musu. Turare mai maiƙo yake shafawa a tafin hannu, in ya gaisa da mutum ƙamshin sai ya raka shi gida. Ya saurari jawabin Darakta yana gyaɗa kai a wuraren da ba su dace ba. Aka buɗe gas, kumfa ta yi ambaliya, wuta ta tashi a murhu. Ɗaki ya ɗauki tafi. Ciyaman ya miƙa hannu ya ji ɗumin wutar, ya ce lallai ƙasa tana da 'ya'ya.

Dokta ta sunkuyar da kai kamar mai kunya. Saura kaɗan su fita. Har ta fara tsara yadda za ta kwaikwayi gyaɗa kan nan da yamma.

"To ina wanda ake ba mutum ya riƙe?" in ji Ciyaman. "Wani abokina ya zo nan ya riƙe, har hoto ya nuna mini. Na ce ni da nake shugabanku ban riƙe ba."

Aka yi dariya. Darakta ya juya wajen tire, ya tarar da jan ƙyalle kaɗai. Ya ɗan daburce, idonsa ya zaga tebur, ya leƙa bayan Dokta.

"Ga wani can a kwalba. Dokta, miƙo."

Ba ta motsa ba. "Wannan ba a taɓa shi, ranka ya daɗe."

"Haka ta ce mini game da wancan ma," Darakta ya gaya wa Ciyaman, yana dariya. "Masu bincike akwai kishin kayansu. Wancan da ke cikin na'ura, ranka ya daɗe, ba hannun da bai bi ta kansa ba. An shinshina shi, an ɗaga shi, an taɓa yar da shi ma sau ɗaya. Ga shi nan kana ganin aikinsa. In taɓawa na kashe mataci, da wannan wutar ba ta tashi ba."

Kowa ya dubi wutar. Hujja ce mai ƙarfi, kuma Dokta ce ta gina ta da hannunta, baƙo bayan baƙo. Ba sauran dabara, sai gaskiya, kuma ta san abin da gaskiyar za ta jawo mata a gaban wannan taro. Ta zaɓi matacin.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Ciyaman, "wancan a fashe yake. Tun ranar da ya fito daga tanderu a fashe yake, ba ya tace komai. Shi ya sa nake ba baƙi shi. Wannan na kwalbar shi ne na gaskiya, shi kaɗai gare ni, kuma in aka taɓa shi ya mutu. Don Allah a bar shi."

Fuskar Darakta ta sauya launi. Mai hoto ya sauke kyamara. Ciyaman ya dubi Dokta, ya dubi wutar da ke ci abinta, ya sake duban Dokta. Sai ya fashe da dariya, irin ta dattijon da yaro ya burge.

"Kun ji tawali'u. Fasasshe yana wannan aiki, to ina ga lafiyayye?" Jama'a suka saki numfashi, suka taya shi dariya, Darakta ya fi kowa ƙarfi. "'Yata, kin kyauta da kika faɗa. Su abokaina an ba su na wasa, ni kuwa na gaskiyar zan riƙe. Kada ki damu, na yi jikoki, na san riƙon abu mai laushi."

Darakta ya zagaya ta bayanta ya ɗauko kwalbar. Bai kalle ta ba. Ya murɗe murfi, ya karkata ta, matacin ya zamo ya sauka a tafin Ciyaman.

Da gaske kuwa a hankali ya riƙe shi. Ya juya shi, ya shafa fuskarsa da babban yatsa, ya ce wannan bai kai wancan kyau ba, da alama ƙura ce. Ya kawo shi bakinsa ya hura masa numfashi, ya goge a hannun riga kamar tabarau. Aka yi hoto. Mataimakinsa ya karɓa, ya miƙa wa na kusa da shi, na kusa ya miƙa gaba. Dokta tana tsaye tana bin sa da ido daga hannu zuwa hannu, har ya zagayo ya dawo wurin dattijon. Ya ɗora shi a hankali kan jan ƙyalle.

"Ga abinki, 'yata. Ko ƙwarzane babu."

Babu kuwa. Kamanninsa ba su sauya ba ko kaɗan.

Da takalma suka gama sauka, Darakta ya leƙo daga bakin ƙofa. Ya ce maganar da ta yi a gaban baƙi za su tattauna ta daga baya, amma tunda Allah ya rufa asiri, ya yafe rabi. Ciyaman ya ji daɗi ƙwarai, yana so a ƙera irin mai wutar nan da yawa. Ya ja ƙofa ya tafi.

Ta kashe murhu. Ta goge kumfar da ta ɓata tebur. Ta kwance kyakkyawan ta ajiye gefe, ta ɗauki nata da hantsaki, ta ɗaura, ta ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta saba. Ta buɗe gas, ta ja kujera ta zauna gaban bututun. Rana ta matsa daga taga zuwa bango. Ta ƙara ƙarfin gas, ta ƙara, har allurar ma'auni ta kai inda ba ta taɓa kai ta ba. Ruwan sabulun yana kwance, ko motsi.

Ta rufe tukunya, ta kwance ƙarfen. Ƙamshin turare ya bugi hancinta. Ta kai hannu za ta ɗauki hantsaki, sai ta tsaya, don ba sauran abin da za ta kare. Ta zare safar hannu, ta ɗauke shi da yatsunta tsirara, ta ɗora a tafinta. Duk ginin nan ita ce ta ƙarshe da ta ji yadda yake a hannu.